Admin Goma Sha Ɗaya a Gidan Ya Fanna

Damagaram, 2 ga Agusta

Zuwa ga ɗana Kyari, a Yamai.

Bayan gaisuwa mai yawa, na ɗauki biro ne don in yi maka barka. Kai, wannan karatu naka ya yi! Shafin da ka buɗe mana a intanet, Turaren Gidan Ya Fanna, duk wanda ya gani sai ya yaba. Humrata a hoto har ta fi yadda take a kwalba kyau. Wata mata ta kira ni tun daga Agadas, wai a shafi ta ga lambata. Na ce a raina, ashe zaman da yaron nan yake yi yana haddace manhajar sarrafa shafuka ba zaman banza ba ne. Allah ya ba ka sa'ar jarrabawar nan, tunda tun ba ka zauna ta ba ta koya maka abin da kakanninka ba su gano ba tun fitowarsu daga Borno.

Mu nan lafiya lau. Ruwa ya sauka sosai wajen Hamdara, matan da ke kawo mini kajiji sun ce gero ya yi kyau. Baffanka Gana ƙafar ta yi sauƙi, yana zuwa masallaci da sanda. Gwaggonka Falmata tana gaishe ka. Na leƙa matarka A'isha a gidansu ran Juma'a, ciki ya fito, tana cin abinci.

To, ga abin da ka gano. Shekaranjiya na haɗa sabon turaren wuta. Na shiga shafin da kod ɗin da ka ba ni, na sa hoto, na rubuta bayani, na nemi wurin da ake dannawa abu ya fita duniya ta gani. Babu shi. Sai wani rubutu da Faransanci, wai abin da na rubuta yana jiran a duba shi. Ka san na kai aji uku na kwaleji kafin a cire ni, ba na neman tafinta. Amma na ce bari dai in tabbatar, na je wurin Lawan mai sibar, shagon intanet na bakin tasha. Ya duba, ya sosa ƙeya, ya ce, "Hajiya, ke kontiribitar ce. Kina rubutawa, amma sai admin ya yarda abin yake fita." Na ce, "Wane ne admin?" Ya ce, "Mai babban mabuɗi. Wanda ya gina shafin." Na ce, "Ƙasa da ni akwai wani?" Ya ce, "Sai mai kallo kawai." A gaban mutane fa, Kyari.

Ni ce Habiba. Lokacin da uwarka ta kwanta asibiti ni na goya ka ina ciniki a Kasuwar Dole, ka jiƙa mini zanen Sallah ban sauke ka ba. Shekara goma sha tara na yi ina tsaye kan kasko kusa da kakarka Ya Fanna kafin ta yarda ta faɗa mini abin da take zubawa a ƙarshe. Kai da in an rufe maka ido ba ka bambance farce da ƙaro, kai ne za ka duba maganata a kan turare?

Takarda na rubuto na ba direban kar, babbar motar da ke zuwa Yamai, don saƙon murya ƙafa gare shi, yau yana wurinka gobe yana gidan suna. Ka aiko mini da babban mabuɗin nan.

Gwaggonka,
Habiba


Yamai, 6 ga Agusta

Gwaggo,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaishe da Baffa da Gwaggo Falmata. Na ji daɗin labarin ƙafar Baffa. Ni ma lafiya, sai mura ta damina. Na gode da kika leƙa A'isha.

Gwaggo, wallahi ba raini ba ne. Bari in yi miki bayani. Jarrabawar nan kashi biyu ce. Na farko tambayoyi ne a ordinatar, wato kwamfuta. Na biyu, ranar Litinin ɗaya ga Satumba, masu jarrabawa za su shiga cikin shafin da na gina su duba shi ɗaki ɗaki: yadda na jera kaya, ko ina ajiye kwafi don gudun ɓacewa, sannan wa ke riƙe da wane mabuɗi. Wannan na ƙarshen in mutum ya faɗi shi, ya faɗi duka. Ƙa'idar ita ce kowa a ba shi mabuɗin ɗakin da yake aiki kawai. Admin yana iya cire kowa, yana iya rushe shafin gaba ɗaya da yatsa ɗaya, ko da kuskure ne. A littafin da muke bita an rubuta cewa ba a ba da babban mabuɗi ga wanda bai san aikinsa ba, ko wane ne shi.

Kin san abin da ya rataya a kan wannan takarda. Ƙungiyar manoman nan ta Damagaram da ta ce za ta ɗauke ni in riƙe mata shafi ta ba ni zuwa tsakiyar Satumba in kawo shaidar. In babu, akwai wani yana jira. Jarrabawar kuma sau ɗaya ake yin ta a shekara. Shekara uku ke nan ina gyaran salula a gefen titi a garin nan, kwana bakwai a mako, ina karatu tsakanin mai ciniki da mai ciniki. Ina so in dawo gida kafin A'isha ta sauka.

Sabon turaren na sake shi tun ranar da kika sa, ban taɓa ko wasali ɗaya ba. Kuma na ɗaga ki mataki ɗaya sama, yanzu duk abin da kika rubuta da kanki za ki iya fitar da shi ba tare da jirana ba. Ki yi mini haƙuri zuwa ɗaya ga wata.

Ɗanki,
Kyari


Damagaram, 10 ga Agusta

Kyari,

Muna lafiya. A'isha lafiya. Murarka Allah ya sauwaƙe, ka dafa citta.

An yi mini ƙarin girma! Na yi niyyar in kira maroƙa.

"Ko wane ne shi." Sau uku na karanta wurin nan. Na ninke takardar na sa a jaka, na sallami mutum biyu, na sake fito da ita ko idona ne. Ba idona ba ne. Ka laɓe bayan littafi ka jefo ni da dutse, kana tsammani ban ga hannun ba. Ni a kasuwa na girma. Na san mai cewa "ba ni na faɗa ba, mutane ne ke faɗa."

Wanda bai san aikinsa ba. Shekara talatin ina riƙe da mabuɗin rumfa, gobara ta zo ta wuce, ɓarayi sun zo sun wuce, ban taɓa wayar gari na tarar da ƙofata a buɗe ba. Kai kuwa mabuɗin moto na Kassim maƙwabcinmu da ka jefa a rijiyar gidanmu na gado na Birni har yau yana ciki. Wa ya san aikin mabuɗi tsakanina da kai?

Na kai wa Baffanka takardar, na karanta masa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To ni a wane matakin ya sa ni?" Na ce, "Yaya, kai ba ka ma ciki." Ya ce, "Shafi da sunan uwata?" Na ce, "Da hotonta ma." Sai ya ɗauki buta. Ka san Yaya Gana in ya ɗauki buta ba lokacin salla ba.

Saboda haka ka ji da kyau. Sunan Ya Fanna namu ne kafin ya zama naka. Turaren nawa ne, kwalaben nawa ne, tabarmar da aka jera su a kai aka ɗauki hoto ma tawa ce. In ranar Juma'a ta yi ban ga babban mabuɗi ba, ka sauke suna, ka sauke hotuna, ka nemi wani turaren da za ka nuna wa masu jarrabawarka. Ka ga sai su duba ɗakunan da kyau, tunda babu kaya a ciki da zai tare musu ido.

Habiba


Yamai, 13 ga Agusta

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Mura ta tafi.

Saura kwana goma sha tara, ba ni da lokacin gina wani shafi. Na mayar da ke admin. Na buɗe wa Baffa nasa, shi ma admin, don ba zan iya sa shi ƙarƙashinki ba. Admin uku ya yi yawa, amma zan ce musu ku ne masu kayan, wataƙila su karɓa.

Abu ɗaya nake roƙo, don Allah, don darajar mahaifina. A gefen hagu akwai wurin rubuta labarin kaya, nan kawai za ki taɓa. Wurin da aka jera sunayen mutane kada ki shiga.

Maganar littafi kuwa, littafi ne ya faɗa.

Kyari


Damagaram, 19 ga Agusta

Ɗana Kyari,

Gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya. An yi ruwa ran Asabar har katangar maƙwabta ta zauna, tamu tana tsaye. A'isha ƙafafunta sun ɗan kumbura, ungozoma ta ce ba komai.

Allah ya yi maka albarka, ka yi abin da ɗa yake yi. Kuma ashe abin da kuke kuri da shi ba wani abu ba ne. Kwana biyu na gane kansa. Wurin sunayen da ka ce kada in shiga, na shiga, ban ga aljani ba.

Dole ce ta sa. Yaya Falmata ta ji labari. Ta zo rumfa ta zauna, ba ta sayi komai ba, ta ce, "Habiba, na ji an naɗa ku." Na ce, "Wane irin naɗi, Yaya, wahala ce." Ta ce, "Ni ma ai Ya Fanna ce ta haife ni, ko a kasuwa aka tsince ni?" To ka gaya mini, in zauna a sama yayata tana waje? Na buɗe mata. Da aka ba ta, ba a barin mijinta Alhaji Alkasum, mutumin da ya yi ɗawainiyar jana'izar ubanka. Da aka ba shi, 'yan ɗakin kakanka na Gaffati suka aiko. Abin nan kamar rabon goron biki ne, in ka ba wannan ka tsallake wancan ka sayi gaba ta shekara goma. Yanzu mu goma sha ɗaya ne, kowa da babban mabuɗinsa, babu mai ƙorafi. Rabon da a ga dangin nan sun haɗu a wuri ɗaya ba faɗa tun rasuwar Ya Fanna.

Sai abu ɗaya ƙarami. Jiya na kai wa Baffanka salulata ya ga jerin. Ya sa tabarau, ya bi da yatsa, ya tsaya. Ya ce, "Wannan Kyarin wane ne?" Na ce, "Naka, ɗan Suma'ila." Ya ce, "Abin da aka rubuta gaban sunana shi aka rubuta gaban nasa?" Na ce shi ne. Ya ce, "Yaro da ubansa tabarma ɗaya? Yaushe aka fara?" Kuma gaskiyarsa. Sai na mayar da kai kontiribitar. Kada ka damu, na zauna a wurin, ba ya cizo. Duk abin da kake so a fitar ka rubuta, ɗayanmu zai duba maka.

Za ka ga Alhaji Alkasum ya sa hotonsa na Makka a shafin farko. Ka bar shi, dattijo ne.

Ka dage da karatu.

Gwaggonka,
Habiba


Yamai, 22 ga Agusta

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Ga ta nan, na rubuta ta da kyau don kada a ce ban yi ba.

Ranar Litinin na buɗe ordinatar zan yi bita, na tarar an rufe ni waje a gidan da na gina da hannuna wata bakwai. Na kira ki. Na ce, "Gwaggo, wa ya taɓa," ban ƙarasa ba kika ce, "Ba a gaisuwa a Yamai?" kika kashe. Na sake kira sau tara. Sai yau takardarki ta iso da albishir.

Kin san abin da kuka yi? Daga inda kuka ajiye ni ina hangen ɓarnar, ba ni da hannun gyarawa. Ba hoton Makka kaɗai ba ne. Wani ya cire abin da ke ajiye kwafi kullum. Wani ya goge sashen humra gaba ɗaya, ya bar suna babu kaya. Wani daga Gaffati ya sa sanarwar ɓatan akuya. Wannan ne zan buɗe wa masu jarrabawa ranar ɗaya ga wata? In ce musu ga shafina, admin goma sha ɗaya, ni mai neman shaidar ina jiran a duba mini?

Abu ɗaya na roƙe ki, da sunan mahaifina na roƙa. Kin ce kin goya ni. Na sani, ban manta ba, kullum ana tuna mini. To wanda aka goya ba a sauke shi ya taka ƙasa? Shekarata talatin da ɗaya. Matata tana gidan iyayenta da cikin wata takwas saboda ba ni da aikin da zai zaunar da ni kusa da ita, ku kuna rabon goro da abincina.

Bari in gaya miki abin da ban so faɗa ba. Akwai ƙofar baya. Kamfanin da ya ba shafin masauki da sunana ya san shi. Ta can zan iya shiga in mayar da kaina, in sauke ku duka goma sha ɗaya kafin shayi ya huce. Tun Litinin nake kallon ƙofar nan ban shiga ba, saboda na san abin da ake kiran ɗan da ya sauke baffansa. Ke kika hau da su, ke za ki sauko da su. Daga bakinki za su ji shi a matsayin gyara. Ina jira zuwa Talata.

Kyari


Damagaram, 26 ga Agusta

Kyari,

Lafiya muke. Takardarka sai yau Talata ta zo, kar ɗin ta kwana uku a hanya, ruwa ya cinye wata gada. Saboda haka wa'adin da ka ba ni ya ƙare tun tana cikin jakar direba. Wa'adi! Ɗan Suma'ila yana ba ni wa'adi kamar mai gidan haya.

"Kullum ana tuna mini." Za a ci gaba da tuna maka har ranar da ka goya wani ka ji yadda baya yake yi. Akuyar kuma an same ta, ta shafin aka gan ta, in kana son sani.

Yanzu ka matso in gaya maka, kuma in ka gama karantawa ka hura shayi da takardar nan. Na gwada. Da azahar na rufe rumfa rabi, na buɗe jerin, na sa yatsa a kan sunan Yaya Gana. Yatsan ya ƙi. Mutumin nan shi ya aurar da ni, shi ya je ya ɗauko ni da auren ya mutu, bai tambaye ni laifin wa ba. Ni in sauke shi? Na ce to in fara da Yaya Falmata. Nan ma na ji muryarta tana cewa a kasuwa aka tsince ta. Na ce in fara da kaina, sai na ga in na sauka babu mai sauke sauran. Na rufe salula na buɗe rumfa. Kada ka yi murna, ban ce kana da gaskiya ba. Na ce abin yana da wuya, kuma wanda ya ƙera shi bai yi tunanin mutane ba.

Ga dabara, kyauta na ba ka. Ka shiga ta ƙofar bayanka ranar Juma'a, daidai lokacin da maza ke masallaci mata na kan tukunya. Ka sauke kowa, har ni. In an farga ni zan fara ihu, in ce rezo ne, sabis ɗin waya, ya lalace, ya watsar da mutane. Wa zai yi musu? A garin nan rezo ya raba aure, ya hana gaisuwar mutuwa, babu wanda ya taɓa kai shi ƙara. Kai kuma in an kira ka sai ka yi salati, ka ce kana nan kana fama, gyaran zai ɗauki mako biyu. Ka yi jarrabawarka. Bayan nan wanda ya tuna a san yadda za a yi da shi, mafi yawa ma sun manta kod ɗinsu.

Haka ake sauke babba, Kyari. Ba a ture shi, tabarmar ake ja a hankali a ce za a kakkaɓe.

Habiba


Yamai, 2 ga Satumba

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Ina lafiya. A gaishe da A'isha, na kira ta jiya ta ce bayanta na ciwo, don Allah ki leƙa.

Na shiga ranar Juma'a kamar yadda kika ce. Na sauke kowa, na bar ki a matakin da kike fitar da naki da kanki. Kwana biyu na yi ina gyara, humra ta dawo.

Abin da ba ki sani ba, manhajar tana aika wa duk wanda aka canza wa matsayi saƙo, da sunan wanda ya canza. Akwai wurin kashe wannan. Na buɗe wurin, na daɗe ina kallonsa, na bar shi a kunne. In na ce rezo ne, bayan mako biyu sai in mayar da su, ranar da na kama aikin mutane kuma wani baffan zai zo neman mabuɗi.

Baffa ya kira bayan la'asar. Na gaishe shi har ƙafarsa na tambaya. Ya ce, "Saƙon nan da sunanka na gani." Na ce, "Ni ne, Baffa." Ya ce, "Kuskure ne?" Na ce, "A'a." Ya kashe. Sunanki bai fito daga bakina ba, kuma ba zai fito ba.

Jiya na yi jarrabawa. Mai dubawa ya buɗe tarihin shafin, ya ga an hau da mutum goma sha ɗaya an sauke su cikin wata guda. Ya ce, "Su wane ne waɗannan?" Na ce, "Dangi." Ya dube ni, ya rubuta wani abu, ya wuce tambaya ta gaba. Sakamako sai nan da kwana goma.

Kyari


Damagaram, 13 ga Satumba

Kyari,

Muna lafiya, in ana kiran wannan lafiya. A'isha tana nan, yau ko gobe. Ita ta gaya mini ka ci jarrabawa, kuma masu ƙungiyar sun ce ka zo ranar Litinin ka kama aiki. Barka. Ka ga na faɗa, kada a ce ban faɗa ba.

Yanzu ka tsaya in zage ka. Na ba ka ƙarya mai tsabta, wankakkiya, wadda ba ta cin naman kowa. Ƙaryar da dattijo zai ji ya gane ya yi kamar bai gane ba, ya riƙe girmansa kai ka riƙe aikinka. Kai kuma ka ce a'a, sai gaskiya. Mutumin nan da bakinsa ya miƙo maka igiya, ya ce "kuskure ne?" Kana tsammani bai sani ba ne? Shekara saba'in da shida! Kalma ɗaya yake nema ya kai wa mutanen masallaci, ka hana shi.

Ranar Juma'ar na fito tsakar gida ina "rezo ya lalace, rezo ya lalace," sai ga Yaya Falmata da salula a hannu, ta ce, "Habiba, rezon sunansa Kyari Suma'ila?" Ka san yadda na ji? Ko gargaɗi ba ka yi mini ba.

Ran Lahadi aka taru a zauren Birni. Za ka ji an ce ni na fi kowa ɗaga murya, gaskiya ne. Na ce ba ka da kunya, na ce Yamai ta lalata ka, na ce ban san wanda na goya ba. Rabi don in rufe kaina na faɗa, rabi kuwa har zuciyata. Alhaji Alkasum ya ce a yi haƙuri, yaro ne. Baffanka ya ce, "Yaro ba ya sauke mutum goma sha ɗaya. Babba ne. Babba kuwa shi ke nema wa kansa wurin kwana." Ɗakin ubanka na gidan Birni, wanda aka shafe da farar ƙasa don kai da A'isha, ya sa masa kwaɗo. Ya kuma ce ranar suna a nemi wani ya raɗa, shi ƙafarsa ta tashi.

Ɗakuna biyun da ke bayan gidana na Zango na sa an kwashe buhunan kajiji. Ba don kai ba, don yarinyar mutane. Za ku yi wata guda kuna warin turare, ba ruwana. In ka sauka tasha kada ka zo wurina da fari, kuma kada ka gode mini a gaban kowa. Ka wuce Birni da jakarka a kafaɗa, ka durƙusa a ƙofar zaure. Ba zai amsa ba. Gobe ka koma. Na san Yaya Gana, yana iya kai ka har yaye, yana kuma iya sauka ranar da ya ji kukan jariri. Wannan jarrabawar ba a faɗin ranar sakamakonta.

Takardar shaidar ka zo mini da ita in gani da idona, in ga abin da aka saya da ɗakin Suma'ila. Akwai kuma abin da nake so ka tambayo mini kafin ka baro Yamai, tunda kai ka san su. Shi wanda ya zauna ya tsara jarrabawar nan, ba shi da baffa ne?

Gwaggonka,
Habiba